Na hana kuɗin haya saboda famfo

Jama'a, yau na sha kunya a Kpangalam.

Sati uku famfona babu ruwa. Na riƙe kuɗin haya, na aika wa Alhaji mai gidan cewa ko ya gyara ko in tashi. Ɗazu ya zo, na tara maƙwabta ina ta zazzaga masa masifa. Ya zagaya bayan ɗaki, ya murɗa makullin bututu. Sai ga ruwa shaa!

Ya ce, "Hajiya, wa ya rufe wannan?"

Wallahi ni ce. Ranar da zan tafi biki Dapaong na rufe, na manta.

Ya wanke hannu a famfon, ya ce, "Yaushe ne tashin? Akwai mai so."

Yanzu haka wagashi, wato cuku, nake soyawa in kai wa matarsa don ta roƙa mini shi.