Usta Hamad da Allon Hanyar Suwes

A Gadarif aka haifi Hamad, a ƙasar Sudan. Kakansa ya taso daga Haɗeja da niyyar aikin hajji, ya yada zango a can don ya yi noman damina ɗaya, bai sake tashi ba. Hausar Hamad ba ta ɓace ba, sai dai Larabci ya ratsa ta. Ya zo Alƙahira da matarsa Bakhita ya riga ya fara furfura, suka kama haya a unguwar Hayyin Ashir, a hawa na ƙarshe na wani tsohon bene. Tuƙi kaɗai ya iya. Bayan ya sha neman aiki, wata masana'antar tayil da ke garin Badar ta ɗauke shi, yana kai ma'aikata a ƙaramar bas ta hanyar Suwes, ya dawo da su da yamma. Usta Hamad suke ce masa, kamar yadda ake kiran direbobi a nan.

Bayan juyin juya halin 2011 'yan sandan hanya suka yi ƙaranci, kowane direba ya zama mai hukuncin kansa. Lokacin zafi abin da sauƙi. Da sanyi ne shabbura ke sauka da sassafe, wani farin hazo mai jiƙa gilashi, har mutum ya kasa ganin motar da ke gabansa. Duk ranar da ta sauka, Hamad sai ya koma gefen dama, ya kunna fitilu, ya riƙa tafiya a hankali. Ma'aikata su makara, a yi musu faɗa a bakin ƙofa.

Wata rana mai kula da motocin masana'antar ya tare shi.

"Ya usta, allon hanya ya ce gudun casa'in. Kai me ya sa kake jan ƙafa?"

"Allon ba ya ganin shabbura, ya basha. Abin da ya faɗa da azahar shi yake faɗa da asuba."

"Khalas. In ba za ka iya ba, akwai masu jiran kujerar."

A cikin fasinjojinsa akwai Nata'ala, ɗalibi daga Zariya da ke taɓa aiki a masana'antar idan karatu ya yi sauƙi. Shi ya ba Hamad labarin cewa a wasu ƙasashe allon hanya na lantarki ne. Idan hazo ya sauka ko motoci suka cunkushe, sai lambar ta sauko, kowa ya rage gudu tare, idan gari ya washe ta koma yadda take. Hamad ya sa ya maimaita masa. Da ya koma gida ya faɗa wa Bakhita, yana ta jinjina kai.

"Kin ga, da haka ne a nan, ba wanda zai ce ni ne mai taurin kai."

Ta kira shi da sunan ɗansu, ta ce, "Abu Muhammadu, kai dai ka dawo mana lafiya. Allon Turawa ba zai zo Badar ba."

A watan Janairun 2013 shabbura ta sauka da kaurin da bai taɓa gani ba. Sun wuce ƙarshen gari kenan ya rage gudu sosai. Wani daga tsakiyar mota ya ce, "Yalla ya usta, yau ma a ƙofa za mu tsaya?" Hamad ya ƙara riƙe sitiyari. Yana leƙen farin layin gefen titi ne lokacin da ya ji ƙahon tirela a bayansa, kusa ƙwarai. Bai kai ga juya sitiyari ba ta daki bas ɗin, ta tura ta cikin yashi.

Tarig, wani ɗan garin su Hamad mai aikin ɗora kaya, yana kujerar baya. A nan take ya rasu. Nata'ala ya karye a hannu. Hamad kuwa ƙashin bayansa ya tsage, ya yi watanni a kwance.

Direban tirelar ya rantse bai wuce abin da allo ya ba shi ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ya ce bas ɗin ce ke rarrafe a kan babbar hanya. Masana'anta ta sallami Hamad ba tare da dogon bayani ba. Wannan bai dame shi ba kamar maganar da ta riƙa yawo a Hayyin Ashir, cewa da ya yi gudu irin na kowa, da tirelar ba ta cim masa ba. Wasu kuma suka ce da ya yi gudu, da duka motar ce ta tafi. Shi kansa ya juya maganar ta kowace fuska bai samu inda za ta zauna ba.

Da ya miƙe, bai ƙara tuƙi ba. Ya samu wurin gadin motoci a wani layi na unguwar Hayyis Sabi', yana zaune kan kujerar roba da sanda a gefensa, yana nuna wa masu mota inda za su tsaya. Bakhita ta fara sayar da turaren wuta a gida. Ya rage magana, har majalisar 'yan Sudan da yake zuwa ranar Juma'a ya daina.

A 2015 Dalia, matar marigayi Tarig, ta yanke shawarar komawa Sudan da 'ya'yanta. Ta zo layin da yake gadi ta yi masa sallama. Tun rasuwar ba su taɓa magana mai tsawo ba. Ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ta ce ba ta riƙe shi da komai ba, ajali ne. Ya sunkuyar da kai.

Har ta juya sai ta dawo, ta kira shi da ammu, wato baffa.

"Ammu Hamad, da mota za mu tafi, tafiyar kuma da nisa. Kai ka san hanya. Ina ya fi in zaunar da yaran, gaba ko tsakiya?"



"Wallahi 'yata, ban sani ba," ya ce. "Allah Ya kai ku lafiya."

Ta ce amin, ta kama hannun ƙaramin suka tafi. Wata mota ta shigo layin tana neman wurin tsayawa, ya dogara sandarsa ya tashi.