Ranar da Baba Ya Ce wa Wasan Auta Albarka

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, akwai ranar da ba za ta fita daga kaina ba. Ita ce ranar da aka zo tayin wasan kwamfutar da ƙanina ya haɗa, a zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya, can tsakiyar shekarun casa'in.

Gidanmu gidan ɗinkin hannu ne. Baba ya gaji aikin babbar riga daga kakanmu, kuma duk namijin da aka haifa a gidan da allura yake tashi. Auta ne kaɗai ya bauɗe. Ya iya ɗinkin sarai, har ya fi yayyensa tsabtar hannu, amma da ya shiga jami'a ya ga kwamfuta sai hankalinsa ya tafi. Da aka shiga wani dogon yajin aiki ɗalibai suka dawo gida, sai ya sayar da babur ɗinsa ya jajibo wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin markaɗe. Ni ce babbar yayarsa, lokacin ina koyarwa a firamare, kuma ni na fi kowa yi masa tsiya. Ni ce kuma nake saya masa man janareto idan aka ɗauke wuta.

Baba bai yi faɗa ba, sharaɗi kawai ya kafa masa. Ya ce, "Ka yi abinka. In ya riƙe ka, ka ci gaba. In bai riƙe ka ba, ga allura nan tana jiranka."

Wasan na wani ɗan mutum ne da jakinsa, yana ɗauke da mangalar jar ƙasa daga gindin dutsen Kufena zuwa cikin birni. Daga gefe ake ganin komai, hagu da dama, sama da ƙasa, babu zurfi. Kai ne za ka sa jakin ya tsallake kwata, ya kauce wa awaki, ya ratsa lungu har ya kai wa magina ƙasarsu. In ya faɗi, sai rubutu ya fito da Hausa: "Sannu, tashi." A takarda mai gida-gida Auta yake fara zana jakin, ɗigo bayan ɗigo, daidai yadda ake fitar da zanen hula, sannan ya shigar da shi na'ura. Ƙafar jakin kaɗai ta ci masa makonni, don ya ce jakin Zariya ba ya gudu, rangaji yake yi.

Kusan shekara biyu ya yi a kai. Babur ya tafi, kuɗin faifai da na mai sun tafi, har idonsa ya koma sai da tabarau. Wata rana na tsare shi na ce, "Auta, wai wa zai sayi jakin nan naka?"

Ya shiga lissafo min malaman jami'a, da likitoci a Wusasa, da wasu ofisoshi.

Na ce, "Duk masu kwamfutar da ka ambata ba za su cika masallacin unguwarmu ba. A cikinsu ma nawa ne za su zauna korar jaki?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, shi ya sa nake neman wanda zai fitar min da shi daga Zariya."

Allah kuwa ya kawo shi. Wani Alhaji ne daga Kano, mai sayar wa makarantu da ofisoshi kwamfutoci a garuruwan Arewa. Ya ji labari wurin wani abokin Auta, ya zo bayan la'asar. To a gidanmu akwai ƙa'ida: mai aiki ba ya cinikin aikin hannunsa, kuma ɗa ba ya yanka farashi mahaifinsa na zaune. Don haka aka ciccibo kwamfutar zuwa zaure, aka ja mata doguwar waya, Baba ya zauna a kan buzunsa. Ni na aika da zoɓo, na kuma liƙe a bayan ƙofa, don ba a bar ni a baya wajen son jin magana ba.

Alhaji ya buga wasan. Jaki ya afka kwata, ya ga "Sannu, tashi," ya yi dariya har hularsa ta karkace. Na leƙa na ga Baba yana kallonsa ta gefen ido. Na san abin da ke ransa: mutumin ya kamu.

Da Alhaji ya natsu ya ce, "Malam, gaskiya zan faɗa maka. Abin ya yi kyau, amma masu sayensa kaɗan ne. Mai jin Hausa kaɗai zai ji daɗinsa, mai Hausar ma sai mai kwamfuta. In aka tsawwala kuɗi ba wanda zai saya, kwafa za su yi. Ni abin da zan yi, duk na'urar da na sayar zan sa shi a ciki, in riƙa ba yaron wani abu a kan kowace ɗaya."

Ya faɗi kuɗin. Bai kai ladan ɗinkin hula ɗaya ba.

Baba ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ka san watannin da riga mai aska takwas take ci, ka kuma san kuɗinta. Yaron nan shekara biyu yana duƙe. Har idonsa ya bayar."

"Malam, riga mutum ɗaya ke sa ta. Wannan kuwa sau ɗaya ake shan wahalarsa, a yi ta sayarwa. Kuma yanzu ne lokacinsa."

Baba ya yi murmushi ya ce, "Albarka."

Alhaji ya ɗan ƙara wani abu. Baba ya sake cewa albarka. Sai mutumin ya shanye zoɓonsa, ya yi godiya, ya sa takalmi. Auta ya yunƙura zai bi shi, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Zauna. Ba a bin mai tayi. Ranar da ka bi shi ka karya darajar kayanka, kuma ba ta ƙara tashi. Wanda ya yi wannan dariyar zai dawo."

Kada wani ya ɗauka Baba bai san ciniki ba. Tun kafin a haife ni yake ganin masu sayen riga suna fita cikin fushi, su zagaya kasuwa, su dawo su biya. Abin da ya sani ke nan, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Ƙauna ce ma ta sa shi, don ya kasa jure a ce wahalar ɗansa ba ta kai hula ba. Auta ya shigo cikin gida idonsa ja ya ce min, "Yaya, ni ko nawa ne na yarda. So nake in ji an ce wani yaro a Sakkwato yana korar jakina."

Aka shiga jira. Duk motar da ta tsaya a bakin lungunmu sai Auta ya leƙa. Damina ta zo ta wuce. Daga baya Baba da kansa ya ce Auta ya je Kano ya gaishe da Alhaji, gaisuwa kawai, ban da maganar ciniki. Auta ya tarar da shagon cike da sababbin na'urori, da wasannin waje waɗanda mutum ke ji kamar ya shiga ciki yana yawo. Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi kuɗin mota, ya ce, "Ɗana, da a bara ne. Yanzu yaran da suka ga waɗannan ba za su kalli zanen gefe ba."

Da ya dawo ni kaɗai ya faɗa wa yadda suka yi. Ya sayar da kwamfutar, washegari muka gan shi a zaure ya ɗauki allura. Wallahi ranar na yi kuka, ni da na fi kowa yi masa dariya. Baba ya karɓi faya-fayan wasan, ya naɗe su a farin ƙyalle, ya sa a adakar da yake ajiye rigunansa masu tsada. Ya ce mai rabonsu zai zo.

Bayan shekaru Baba ya rasu, aka buɗe adakar. Rigunan sun yi daraja, dillalai har rububinsu suka yi. Faya-fayan kuwa sun yi fumfuna. Auta ya yi yawo da su har Kaduna, da ƙyar ya sami na'urar da ke karɓar irinsu, ita ma ta ƙi karanta ko ɗaya. Yau duk duniya ba inda wasan yake.

Auta yanzu dattijo ne, gwanin hula, yana da rufin asiri. Ba ya son a tayar da zancen. Amma kwanan baya ɗana ya zo da hular da kawunsa ya ɗinka masa, na karɓa ina dubawa. A gefe, cikin zanen, sai ga ɗan jaki da mangalarsa, ƙafa ɗaya a ɗage, yana shirin tsallake kwata. Na daɗe riƙe da hular ina shafa jakin da yatsa.

Abin da na koya shi ne, ba kowane kaya ake yi wa kuɗi da yawan wahalar da ya ci ba, kuma ba kowane kaya ke iya jira a adaka ba. Wani, lokacinsa shi ne darajarsa. Shi ya sa yanzu idan yaro ya kawo min abin da ban san kasuwarsa ba, kafin in buɗe baki nakan tambaye shi me shi yake so a ce, an sallama ko albarka.