Ranar da Inna Ta Gyara Tsarabar Iran

Yayana ya je Iran kwas kan noman rani, ya dawo Talata Mafara da gwangwanin tsaraba guda ɗaya. A ciki akwai 'yan mitsi-mitsin biskit na garin wake irin nasu, masu ƙamshin fure, waɗanda ya ce da su ake tarar sabuwar shekara a can. Na roƙa ya bar mini. Lokacin ina neman aure a Maradun, kuma bakin nan nawa marar linzami ya riga ya yi wa surukai alkawarin abin da ba su taɓa ci ba.

Wautata ɗaya, na ajiye gwangwanin a ɗakin Inna.

Inna, mahaifiyarmu, ita ke yi wa rabin unguwa alkakin gara. A wajenta duk abin da bai yi ƙaras a haƙori ba, bai soyu ba. Ta ɗauki guda, ya marmashe tun bai kai baki ba.

"Wanga abu ɗanye na," in ji ta. "Da shi za ka tahi gidan surukkai? Ba da ni za a yi wagga kunya ba."

Ina tafiya masallaci ta ɗora mai, ta juye biskit ɗin duka a ciki. Na dawo na tarar da ita a kan kasko tana lalube da matsami, babu ko guda. Duk sun narke sun koma kunu. Wallahi ji na yi kamar in zauna ƙasa in yi kuka, ita kuwa ko gezau.

"Ka gani? Ko mai ba su jimrewa."

Dabara ta ƙare, sai na cika gwangwanin da alkakinta, na kai Maradun. Surukina ya jujjuya gwangwanin, ya dubi rubutun Farisancin da ke jiki da girmamawa, ya gutsura ya daɗe yana tauna. Ni kuwa gumi har cikin takalmi.

"Ashe mutanen Iran ma suna alkaki," ya ce. "Sun yi ƙoƙari. Amma bai kai na Mahwara ba."

An ba ni matar. Da na kawo wa Inna labari, ta washe baki ta ce dattijon ya san abin kirki. Sai can dariyar ta tsaya.

"Tsaya. Alkakin wa ya ce bai kai ba?"