Na Ara wa Rabi Baki a Maraɗi

Mun bar Damagaram bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Hanyar Maraɗi ba laifi, in ban da ramukan da ke hana mai gyangyaɗi sakewa. A Tasawa muka karya da ƙosai da kunu. Mai ƙosan ta rantse mai ya yi tsada, ƙanƙantar ƙosan nata kuma ta gaskata ta.

Ni tafinta ce, tsakanin Faransanci da Hausa. Wani kamfanin irin shuka ya kira ni, mai buro, wato ofis, a Maraɗi da gona a Jiratawa. Ɗaya daga cikin matan da ke tsince iri ta kai ƙarar shef ɗinsu, wato shugabansu a wurin aiki. Zan kira ta Rabi, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Madam mai kula da sha'anin ma'aikata daga Yamai ta zo, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. An taɓa zama, magatakardan gonar ya yi tafinta. Rabi ta daɗe tana magana, shi kuwa ya dunƙule ta a jimla guda, wai gajiya ke damunta. Madam ba ta gamsu ba, daga baya kuma ta ji shi da shef ɗin kwano ɗaya suke ci.

A Sabon Gari muka sauka, unguwar da kowane zaure ya zama shago, 'yan kabu-kabu kuma ba su san akwai birki ba. Da la'asar ni da Madam muka nufi Tsibiri, garin su Rabi, don ta daina zuwa aiki. Gero ya fitar da kai dama da hagu, masu aiki a birni suna komawa gida a kan babura. A gidan gwaggonta ta karɓe mu, ba ta son mijinta ya ga mota a ƙofarsa.

Kafin ta shimfiɗa tabarma ta dube ni. "Ɗiyar ina ce ke?"

"Damagaram."

"Kin san wani a garin nan?"

"Ko mutum guda."

Sai ta zauna. Na gaya mata duk abin da ta faɗa zan maimaita, ba ragi ba ƙari. Da farko ta ce shef yana neman abin da ba nasa ba. Na gane nufinta sarai, amma na fassara yadda ta faɗa, na bar Madam ta nemi ƙarin bayani da kanta. A hankali Rabi ta fayyace, har da barazanar cire ta daga aikin rani in ta ƙi. Sauran maganar amana ce, a ɗakin na bar ta.

Washegari muka je Jiratawa. Ruwa na bin magudanai tsakanin fadamu, zogale ko'ina, har kwaɗonsa muka ci da rana. A buron gonar aka kira shef, dattijo mai fara'a. Ya musanta komai cikin natsuwa. Can sai ya juyo gare ni, ya sassauta murya.

"Hajiya, ni da ke duk Hausawa ne. Ki gyara mini zancen, ba sai ta ji komai ba."

Na juya wannan ma zuwa Faransanci, da muryar da na juya sauran. Madam ta dube shi, ta ce ya ci gaba. Ya ce iyakar maganarsa ke nan. Kafin la'asar wasu mata biyu suka nemi a saurare su, su ma da irin ƙarar Rabi. Aka dakatar da shef har a gama bincike, aka aika wa Rabi ta dawo bakin aiki ƙarƙashin wani.

Mun kamo hanyar gida da ƙullin zogale a bayan mota, muka iso Damagaram bayan isha'i. Abin da na ƙara fahimta shi ne, zama irin wannan ba ya son tafintan da ya san kowa, ko wanda zai haɗu da masu shari'ar gobe a wurin suna. Tausayi ma in ya shiga fassara ɓarna yake yi. Na ji tausayin Rabi, amma da na ƙara mata kalma ɗaya, da maganar ta zama tawa, ita kuwa tata ta zo a ji.