Yarinyar Jikin Ledar Biskit

Yayata ba ta iya zama ba. Ba zagi ba ne, duk wanda ya san ta zai gaya maka haka. Idan ta shigo shagona na ɗinki na tura mata kujera, sai ta dafa bayan kujerar ta tsaya, tana magana tana karkaɗa makullai, idonta na kan ƙofa. Ko shayi a tsaye take kurɓa. Ni da nake wuni a kan keken ɗinki, kallon ta kawai gajiyar da ni yake yi. Wuri ɗaya na san ta taɓa daɗewa ba ta motsa ba, shi ne jikin ledar biskit.

Tun kafin a haife ni Baba yake aiki wurin wani mai gidan burodi a bayan layinmu. Mutumin ya lura tandarsa na zaman banza bayan an kwashe burodin safe, sai ya fara gasa biskit da ragowar zafin. Baba ke naɗe su a tsofaffin jaridu, ya ɗaura kwando a bayan keke ya bi kanti-kanti. Da abin ya karɓu sai wasu suka fara kwaikwayo, har ana sayar da ƙonannen biskit da sunansa. Mai burodi ya fusata ya ce sai ya yi wa nasa alama. Ya kira mai hoto, ya sa aka yi wa ɗansa wanka aka shafe shi da mai, amma yaron yana ganin kyamara ya ɓarke da kuka, aka yi rarrashin duniya ya ƙi.

A daidai nan Mama ta shigo da abincin ranar Baba, Yaya na biye da ita. Lokacin haƙoran Yaya na gaba sun zube, sababbi ba su fito ba. Kafin kowa ya ankara ta zari biskit ɗaya daga faranti ta kai gefen baki, don nan ne kaɗai take iya cizo, tana dariya. Mai hoto ya juya ya ɗauka. Mama kuma ta make mata hannu ta ce, "Wa ya ce ki taɓa na sayarwa?" Da ta ga an riga an ciza, ba mai saye, sai ta raba shi biyu suka cinye. Wannan labarin mun ji shi a bakin Mama har mun gaji.

Mai burodi ya raɗa wa biskit ɗinsa wani dogon suna da ba wanda ya taɓa riƙewa. Yara dai in sun je kanti cewa suke, "A ba ni mai giɓi." Ƙarshe shi ma ya haƙura ya sa aka buga hakan.

Daga nan abin ya yi ta gaba kamar ana hura shi. Keken Baba ya zama babur mai akwati, babur ya zama mota. Tanda ɗaya ta zama rumfar tanduna, daga baya aka yi ƙaura zuwa wata masana'anta a bayan gari, mai dogon bututun hayaƙi, wadda in iska ta juyo duk unguwa sai ta ɗauki ƙanshin sukari. Jarida ta koma leda mai ƙyalli mai ƙara. Aka yi waƙar talla a rediyo, aka kafa allo ƙato a shataletale, giɓin Yaya ya kai faɗin taga. Baba ya yi murabus da gwiwoyi da suka mutu, bai daɗe ba ya rasu. Mai burodi ma ya bi shi, 'ya'yansa suka sayar wa wani babban kamfani mai yin lemon kwalba da sabulu da me da me. Duk wannan juyin, hoton bai canza ba.

Yaya ta tsani hoton nan tsana mai tsanani. A makaranta ba ta da wani suna sai Mai Giɓi, ko bayan haƙoranta sun fito reras. Ta koyi dariya baki a rufe. In za mu kasuwa sai ta zagaya da mu ta doguwar hanya don kada mu bi ta shataletale, ni kuma da gayya nake rera waƙar tallar a bayanta har sai ta juyo ta murɗe mini kunne. Abin dariyar shi ne, da ta yi aure ta nemi aiki, ba inda ya ɗauke ta sai masana'antar nan. Ta yi shekaru a sashen shirya kaya, da hula da safar hannu, tana cusa ledoji masu fuskarta cikin kwali daga safe har yamma, ba ta taɓa gaya wa abokan aikinta ita ce a jiki ba. Da aka kawo injin da ke yin aikin da kansa, aka sallame su.

Tun daga nan ba sana'ar da ba ta taɓa ba. Ta sayar da robobi, ta sayar da katin waya, ta dafa wa ma'aikatan wani ofis abinci, ta yi dillancin gidajen haya, ita kanta kuma tana ta canza gida har mijinta, direban babbar mota, yakan kira ni daga hanya ya tambaya, "Auta, yanzu a ina muke?" A cikin wannan yawon ne ta faɗo daga babur ta daki bakin kwata. Haƙoran da suka fita su ne dai na gaban nan. Na je asibiti na ga ba ta ji wani ciwo mai tsanani ba, sai na ce, "Yaya, ashe giɓi bai gama da ke ba." Ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Aka yi mata haƙoran roba, kuma tun ranar ba mahaluƙin da ya ƙara ganin bakinta babu su, har mijin nata.

Mama ta tsufa a hannuna, a ɗakin da ke bayan shago. Mantuwa ta fara mata da ƙananan abubuwa, inda ta ajiye tabarau, ko ta ci abinci ko ba ta ci ba. Sai ta kai ga sunaye, sai fuskoki. Ni ta mayar da ni "mai ɗinki." Yaya kuma "baiwar Allahn nan mai sauri." Fuska ɗaya ce ba ta ɓace mata ba. Kullum da safe Yaya za ta shigo da biskit leda ɗaya ta miƙa mata. Mama za ta shafa ledar da tafin hannu, ta ce wa yarinyar da ke jiki, "Kin tashi? Ina kika shiga?" Sai ta yaga da kanta ta ci, kuma sai ta ci wannan ne take yarda da shayi da shinkafa da magani. In babu, ta rufe baki ke nan.

Yaya takan tsaya a bakin ƙofa tana kallon uwarta tana yi wa leda wasa, ita kuma ko kallon arziki ba ta samu. Abin yana ci mata rai, na sani, ni ma yana ci mini. Da Mama ta gama sai Yaya ta fizge ledar ta dunƙule ta jefa a shara, ta karkaɗa makullai ta fita.

Wata safiya Yaya ta shigo da wata leda daban. Kamfani ya canza leda. Biskit ɗin shi ne, amma yarinyar ta tafi, an sa wani zomo na zane da haƙoran gaba zaƙo-zaƙo, kamar da gangan. Mama ta juya ledar gaba da baya, ta miƙa mata ta ce, "Baiwar Allah, ba nan gidan ba ne." Ranar ko ruwa da ƙyar ta sha.

Yaya ta bazama. Ta bi kantunan unguwa, ta bi manyan sito na 'yan sari, ta bi masu tebur a tasha da ƙofar makarantu, tana sa mutane suna zazzage kwalaye suna tsaki. Ta hau mota zuwa ƙananan garuruwan da kaya ke daɗewa ba a saya ba, ta dawo da 'yan ƙalilan da rana ta kashe wa launi. Yanzu ba ta jefar da leda. Sai ta goge ta, ta zuba sabon biskit, ta liƙe baki da wutar kyandir. Amma Mama yagawa take yi, kuma sau nawa leda za ta jure yaga? Ni ma na yi tawa dabarar, na sa aka buga mini hoton a takarda mai kyau. Mama ta murza takardar kusa da kunnenta, ta ji ba ƙara, ta goge tebur da ita.

Da ledar ƙarshe ta mutu, Mama ta daina ci gaba ɗaya. Zoben hannunta ya fara zamewa. Likita ya zo ya duba ya ce in ba ta ci ba nan da 'yan kwanaki sai dai a kwantar da ita a sa mata roba ta hanci. Yaya ba ta bari ya rufe baki ba, ta riga ta kai titi tana tsayar da babur.

Masana'antar ta nufa, wurin da ta rantse ba za ta ƙara takawa ba. Ta ce mini ta sha yawo daga mai gadi zuwa wannan ofis zuwa wancan, har ta faɗa hannun wata matashiyar manaja mai kula da talla. Ta buɗe baki ta faɗi abin da ta ɓoye tsawon shekaru: "Ni ce yarinyar jikin tsohuwar ledar." Matashiyar ta miƙe tsaye don murna, ta ce da biskit ɗin nan ta girma, ta roƙi su yi hoto tare. Aka yi, Yaya baki a rufe. Yarinyar kirki ce, da ta ji maganar Mama da kanta ta sauka sito ta duba, ta buga waya nan da can. Ragowar tsohuwar leda an riga an kai ta inda ake narkar da roba a yi bokitai. Ta ba da haƙuri har da ƙwalla, ta sa aka ɗauko wa Yaya kwali guda na mai zomo.

La'asar ta yi lokacin da na ji an dire kwali a ɗakin Mama. Na tashi daga kan keke, tef na rataye a wuyana, na leƙa. Yaya na zaune a ƙasa, ta jingina da ƙafar gado, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a gefe, makullai a yashe. Rabon da in gan ta a zaune haka har na manta. Mama na kwance tana kallon silin.

Yaya ba ta san ina wurin ba. Tun safe ba ta sa komai a ciki ba, kuma surutun wuni guda ya sa robar ta goge mata dasashi. Ta sa yatsa ta zare haƙoran, ta ƙulle su a bakin ɗankwali. Ta yaga leda ɗaya, ta kalli zomon ta yi wata 'yar dariyar takaici, ta kai biskit gefen baki ta ciza.

"Ke!"

Muryar Mama ce, amma irin ta da, mai sa mu miƙe ba shiri. Ta ɗago a kan gwiwar hannu tana kallon Yaya ido cikin ido.

"Wa ya ce ki taɓa na sayarwa?"

Yaya ta daskare, biskit a bakinta. Mama ta miƙo hannu ta make nata, ba ƙarfi, ta karɓe. Ta duba inda aka ciza, ta girgiza kai, ta raba shi biyu, ta ba ta rabi.

"Maza cinye kafin babanki ya shigo. Ina kika shiga tun safe ina ta neman ki?"

"Ina nan, Mama," in ji Yaya. Maganar ta fito da iska ta giɓin, hawaye na bin kumatunta. "Ina nan."

Mama ta ci rabinta. Ta nemi shayi. Na ruga na haɗa, ina kuka ina zuba sukari ba lissafi.

Ba zan yi ƙarya in ce Mama ta warke ba. Har yau ni mai ɗinki ce, kuma in Yaya ta shigo da haƙoranta, baiwar Allah mai sauri ce. Shi ya sa akwai wani ƙaramin kofi a kan tagar da ke bakin ɗakin. Kullum da safe ina jin makullai sun shigo, sai ƙarar abu ya faɗa cikin kofi, sai shiru. Ban taɓa tsokanar ta a kan wannan ba, kuma Allah ya sani ba ƙaramin haƙuri nake yi ba.

Jiya mai babur ɗin da ya kawo ta ya gaji da jira, ya yi ta danna hon a ƙofar shago. Na leƙa na same ta zaune a bakin gado, Mama na tsefe mata furfura da yatsu.

"Yaya, mai babur fa yana jira."

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ce masa ya tafi."