Maganar da Na Yi a Bakin Gadon Ɗana

Ni ban yi boko ba, amma akwai baƙaƙe biyu da ko daga nesa na hango su a takarda ina gane su, A da S. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina kallon S guda biyu a jere a katin asibitin ɗana na fari. Sikila gare shi, amosanin jini. Kafin a gaya mana sunan ciwon an ce mayu ne, an ce iska ce, an ce sanyi ya sha a nono. Mun yi hayaƙi, mun yi rubutu, mun shafa duk abin da aka ce a shafa. Ƙaninsa da ya biyo shi da irin ciwon ya zo, bai kai shekara biyar ba ya koma. Sai ta ukun, mace, ita ce Allah Ya ba ni lafiyayya, ko zazzaɓi ba ya daɗewa a jikinta.

Hanyar Kibiya zuwa Rano kuwa, ko an rufe mini ido zan gaya maka inda kowane rami yake. Na bi ta a bayan babur yaron yana goye, na bi ta a mota yana kwance a cinyata bayan ya fi ƙarfin goyo. Idan ciwon ya sake shi, ka ce ba shi ba ne. Tela ne, kekensa na nan a zauren gidanmu, ga surutu ga tsokana, siriri da shi, idanu sun yi ɗorawa. Idan kuma ya tashi, sai ka ji namiji mai gemu yana kiran Inna kamar ɗan yaye. Duk tsawon shekarun nan ni yake kira, ba ya kiran kowa, ni kuma ban taɓa barin wani ya matsa masa ƙafa ba.

'Yar tawa ta tashi da ɗan yayana na Kahu. Taubasai ne, tun suna ƙanana yana ce mata matarsa tana jifansa da takalmi. Da suka girma wasa ya zama gaske. Yaro ne mai hankali, yana jan motar da ke kai hatsi Kano, bai taɓa wuce ƙofarmu bai sauke mini ko da albasa ba. Babu wanda ya tilasta wa wani, su suka ga juna suka ce suna so. Yayana ya aiko da gaisuwa, aka karɓa da murna, ni har na fara tara kwanuka a ƙarƙashin gado.

Ana cikin haka sai maganar gwaji ta fito. Aka ce gwamnati ta ce ba a ƙara ɗaura aure sai ango da amarya sun je asibiti an duba jininsu sun kawo takarda. Kai, mun ji surutu a shekarar nan har kunnena ya gaji. Maigidana ba ya rabuwa da rediyo, kuma a lokacin ba jam'iyyarsu ce ke kan mulki ba, saboda haka tun kafin ya gama jin dokar ya riga ya ƙi ta. Cewa yake gwamnatin da ta kasa ajiye magani a asibiti ita ce za ta leƙo mana ɗakin aure. Wani maƙwabcinmu mai shagon taki, ɗan ɗaya jam'iyyar, shi kuma ya ce wannan ne aikin kirki na farko da aka yi wa talaka. Kullum bayan la'asar suna kan benci a ƙofar gida suna yi, ni ina ciki ina suyar ƙuli ina jin su. Na san da mulki a hannun su maigidan yake, da shi ne zai fi kowa yabon dokar, maƙwabcin kuma ya zage ta. Na taɓa gaya masa haka, ya ce siyasa ba ta mata ba ce.

Malamai ma suka rabu. Limamin masallacin da muke bi ya ce shi ba zai ɗaura ba sai ya ga takarda, domin gudun cuta ba ya rushe tawakkali, kuma shugaba yana da ikon hana abin da zai cutar da jama'a. Wani malami da yayana ke ɗaukar karatu a wurinsa ya ce sharuɗɗan aure sanannu ne, waliyyi da sadaki da shaidu, babu takardar likita a ciki, kuma wanda Allah Ya rubuta za a haifa sai an haife shi. Kowannensu da hujjarsa, kowanne da masu gyaɗa masa kai. Ni dai duk cikinsu ban taɓa haɗuwa da ko ɗaya a layin karɓar jini ba.

Yaran suka tafi Rano gwaji suna dariya, ita da ƙawarta, shi a motarsa. Da ta dawo ta miƙo mini takardun biyu na ajiye mata. Ina buɗewa na ga A da S a tata, na ga A da S a tasa. Sai na zauna a kan turmi. Na tambaye ta abin da aka ce musu. Ta ce wata nas ta zaunar da su ta ce su duka lafiyarsu ƙalau, amma kowannensu yana ɗauke da ƙwayar, kuma duk cikin da za a samu ana iya dacewa, ana iya haifar mai sikila. Ta faɗi haka tana gyara ɗankwali, kamar labarin wasu take ba ni.

Liman ya ga takardun ya ce shi dai shawararsa a haƙura, kuma ba da bakinsa za a ɗaura wannan ba. Yayana ya zo ranar wata Asabar, suka zauna da maigidan a tsakar gida, aka kira ni don a sanar da ni, ba don a ji ta bakina ba. Sun riga sun gama magana. Za a kai ɗaurin auren Kahu, a ƙofar gidan mahaifinmu, inda babu mai tambayar takarda. Yayana ya ce gwamnati ba ta haifa masa ɗa ba, ba kuma za ta zaɓa masa suruka ba. Maigidan ya ce ai su ma ba a yi musu gwaji ba, ga shi suna zaune lafiya.

Na ce, "Lafiya, Malam? Wa ke zaune lafiya a gidan nan?"

Yayana ya ce, "Ke dai ki ji tsoron Allah. Ƙaddara kike so ki yi faɗa da ita?"

Na ce masa ni na san ƙaddara fiye da shi, don ni na wanke ta na goya ta na kai ɗaya makabarta. Na ce abin da ba mu sani ba a lokacinmu daban, abin da aka rubuta mana a takarda muka gani da idonmu daban. Ya kaɗe rigarsa ya tashi, ko ruwan da na kawo bai sha ba. Ni ba waliyyiya ba ce, ba ni da ikon hana komai, kuma duk mun san haka.

Wadda ta fi ba ni wahala 'yar ce. Ba ta yi mini rashin kunya ba, kuka kawai take tana cewa ai nas ɗin ta ce ana iya dacewa. A nan na gane kuskurena. Tun tana ƙarama, da ciwon yayanta ya tashi sai in tura ta gidan maƙwabta. Ban taɓa kai ta jinya ba. Ta san yana ciwo, amma iyakar abin da ta sani a tafi da shi Rano a dawo da shi ya rame. Ni na ɓoye mata, don ina so a ce ko mutum ɗaya a gidan ya tashi ba da wannan kukan a kunnensa ba.

Saura wata guda a ɗaura, damina ta yi nisa, ruwa ya doki ɗan nawa a hanyar dawowa daga sayen zare. Washegari ya kasa miƙewa. Muka tafi Rano, aka ba shi gado, likita ya ce jininsa ya yi ƙasa sai an ƙara. Wannan karon na ce wa 'yar ta ɗauko hijabinta, tare za mu. Kwana uku ta yi a gefen gadon. Ta ga yadda yake cizon zanin gado, ta ga ana neman jijiya a hannun da duk an gama huda shi, ta riƙe masa roba yana amai. Rana ta biyu ta daina cin abinci. Duk da haka ban ce ta fita ba.

Ɗan yayana ya zo da kansa ya nannaɗe hannun riga ya ce a ɗebi nasa. Mai ɗibar jinin ya duba ya ce sun fi son na wanda ba ya ɗauke da ƙwayar ko kaɗan. Yaron ya tsaya da hannu a nannaɗe, bai san inda zai sa kansa ba. A ƙarshe maƙwabcin nan mai shagon taki ne ya bayar, Allah Ya saka masa. Yana fitowa da auduga a hannu suka zauna da maigidan a gindin bishiyar da ke gaban ɗakin, suka ɗora daga inda suka tsaya, wai laifin wace gwamnati ce babu jini a ajiye. Ina jin su ta taga. Wallahi da ina da ƙarfi da na fita na watsa musu ruwa.

Da azahar ɗin ranar aka yi wa ɗan nawa allurar da ke sa shi barci. Ya yi shiru, ido a rufe, jini yana sauka a hankali. 'Yata tana zaune a ƙasa, ɗan yayana yana tsaye a bakin ƙofa. Na yafito shi ya matso. Gajiya ce ta yi mini yawa, ko tsoro, ban sani ba. Na nuna gadon da hannuna.

Na ce, "Ku dube shi da kyau. Irin wannan kuke so ku haifa? Ni na yi shekara ashirin ina wannan wahalar, ba zan ga 'yata ta yi ba."

Yaron ya ce, "Na ji, Gwaggo." Ya fita, na ji tashin motarsa.

Bayan mako guda ya gaya wa ubansa ya fasa. Aka mayar da abin da aka kawo. Yayana ya daina zuwa, ko da sallah ban gan shi ba, matarsa ta aiko a gaya mini na zaɓi takardar gwamnati a kan zumunci. Labari ya zaga gari. Masu goyon bayan dokar suna ba da misali da ni, wai mace mai wayewa, waɗancan kuma suna cewa ga irin abin da suke gudu, an raba 'yan'uwa. Ni ba don gwamnati na yi ba, ba don liman na yi ba, amma na gaji da bayani, na bar kowa da abin da ya ɗauka. 'Yata ta yi wata biyu ba ta haɗa ido da ni. Tana yin duk aikin da na sa ta, ta amsa gaisuwa, shi ke nan. Na ce a raina za ta huce, kuma ko ba ta huce ba na yarda, na tsamo ta.

Ɗan nawa kuma ya warware ya koma kan kekensa. Wata rana da hantsi na kai masa kunu zaure, yana ɗinka wata riga. Bai ɗago ba ya tsayar da keken.

Ya ce, "Inna, ranar nan a asibiti ba barci nake ba."

Na tsaya da kwanon a hannu.

Ya ce, "Ba laifi kika yi ba, gara da aka fasa. Tambaya ɗaya kawai zan yi. Da a lokacinku akwai takardar nan, kika gani, da kin auri Baba?"

Ni da bakina ba ya mutuwa, ni da na tsaya gaban yayana na mayar masa da magana, sai na rasa abin cewa. Idan na ce e, ya san ƙarya nake, don ya ji ni da kunnensa. Idan na ce a'a, na gaya masa da ban haife shi ba. Ina ta neman wata magana ta uku, na daɗe ina nema. Ya jira, ya jira, sannan ya karɓi kwanon ya ce kunun ya yi daɗi tun kafin ya kurɓa, ya taka kekensa.

Daga baya na shirya amsoshi iri-iri. Na so in ce masa wahalar nake ƙi, ba shi ba. Sau biyu ina buɗe baki, yana ganewa sai ya kawo wata tsokanar ya kashe maganar. Bai canza mini fuska ba, yana gaishe ni, yana ɗinka mini kaya. Na ɗauka abin ya wuce, har ina murna ciwon ya yi wata huɗu bai tashi ba.

Ranar wata Laraba na dawo daga suna a unguwar sama, na tarar zauren a rufe. Maigidan ya ce ɗan nawa ya tafi sayen zare. Sai bayan la'asar ya shigo yana takawa a hankali, yana dafa bango. Da ya miƙa hannu zai karɓi buta na ga filasta a bayan hannunsa, inda ake sa ƙarin ruwa. Na kama hannun na tambaye shi daga ina. Ya ce Rano, ɗan abu ne kaɗan, tun jiya yake jin sa, da safe ya hau mota ya je aka ba shi ruwa leda biyu. Na ce me ya hana ya kira ni, ina cikin gida jiya duk yini. Ya zare hannunsa a hankali.

Ya ce, "Kin gaji, Inna. Ki huta."

Daga baya na ji a bakin wata nas cewa wannan ne zuwansa na uku shi kaɗai.