Ƙafar Hagun Baba Lallaɓa

Baba Lallaɓa direban gidan kaji ne, kuma tun yana da baƙin gashi har furfura ta cinye kansa bai taɓa fasa ƙwai ko ɗaya ba. Haka yake faɗa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Wata tsohuwar a-kori-kura yake ja daga gona zuwa shaguna, shaƙe da kiret-kiret na ƙwai. Sirrin, in ji shi, yana ƙafar hagu: ka danna kuloci har ƙasa, ka sa giya, sannan ka saki a hankali kamar mai kwantar da jaririn da ya yi barci. Bai tara abin duniya ba. Wannan suna shi ne gidansa, shi ne gonarsa.

Aikin ya bi masa jiki. Ko a kujerar mai aski yake, babur ya wuce yana kuka, sai ka ga ƙafar ta danna ƙasa, hannu ya canza giya a iska. Sau biyu mai askin yana yankar sa a kunne. Autarsa, wadda ta yi boko mai zurfi, ta taɓa ce masa Turawa na da kalma, geared, ga abin da aka saita don aiki guda, kuma da can kayan da ake ɗaura wa dokin aiki ake nufi. Dokin kawai Baba ya ji. Ya wuni bai kula ta ba.

Bayan ya yi ritaya, autar ta sayi mota otomatik, mai canza giya da kanta. Ta fara yi masa bayani, ya ɗaga mata hannu, ya tuna mata cewa yana tuƙi tun ba a san za a haife ta ba. Ya leƙa ƙasan sitiyari, ya ga abin takawa biyu kacal, ya ce an cuce ta.

Ran nan matarsa ta so kai wa ƙanwarta kiret ɗin ƙwai. Baba ya karɓi makullin motar autar a gaban mai askin da sauran mazauna bakin layi, har yana ce mata ta ɗora kiret ɗin a cinya, ba sai ta riƙe ba. Suka fita lafiya lau. Suna shan kwana injin ya ɗaga murya, kunne ya ba ƙafa umarni, ƙafar hagu ta tafi neman kuloci. Birki ta samu, faffaɗa, ta danna shi har ƙasa yadda ta saba.

Ƙwai a gilashi, ƙwai a rufi, gwaiduwa na ɗiga daga madubi. Baba ya zauna riƙe da sitiyari, bai ko goge fuska ba. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba, don ta madubin gefe yana hango mai askin tafe da gudu, almakashi a hannu. Kafin la'asar duk unguwa za ta ji.

Matar ta dube shi. Shekara da shekaru tana shan labarin ƙwan nan har ya gundure ta, ta sha yin addu'ar Allah Ya sa ɗaya ya fashe ta huta. Sai ta buɗe ƙofa, ta fito tana yarfe hannu, ta gaya wa mai askin atishawa ta yi, kiret ɗin ya suɓuce mata, da ba don maigidan ya taka birki da sauri ba da abin ya fi haka.

Da suka koma gida tana wanke mayafinta a bakin famfo, Baba ya tsaya a kanta yana ta murza hula.

"Amma ai ba ki yi atishawa ba," ya ce a hankali.

"Malam," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "ni na fasa su. Kai ba ka taɓa fasa ƙwai ba. Miƙo min sabulu."